Gwaggo Mai Ɗigon Sikari

Tun ranar da munka kai Gwaggo makwancinta nike zaune bisa tabarma ƙohwar gidanmu, nan Wurno, ina amsar gaisuwa kusa da Baba. Kuma wallahi ban taɓa jin ƙarya cikin ladabi irin ta kwanakin ga ba.

Wani dattijo daga Rabah yaz zo, yay yi Fatiha, yash shahwa, yac ce, "Allah shi jiƙan Hajiya. Mace mai sanyin hali. Ko ƙuda ba ta kora."

Nid dubi Baba. Baba yad dubi ƙasa. Shi na ƙanen Gwaggo, uwa ɗaya uba ɗaya, gemunai hwari tas, kuma har watan jiya tana ja mai kunne gaban jikokinai.

Wani kuma yac ce ba a taɓa jin muryarta ba. Muryar da in ta kira sunanka daga cikin gida, masu wanki bakin gulbi ke waigowa!

Duk wanga na haɗiye, don an ce a hwaɗi alherin mamaci. Wanda yat tsaya mani ga wuya wani bawan Allah na daga Giyawa. Ya sauka bisa babur, yaz zauna shina hawaye na gaske, yac ce, "Alhaji, mu ba mu da abin biyan Hajiya. Ita tak koya ma matanmu ba jinjiri ruwan sikari. Yarana duk da shi anka tarbe su duniya. Moɗa guda ake dama musu, su sha su yi ta barci."

Nic ce, "Moɗa?"

Yac ce, "Cike."

Inna lillahi. Da haushi na tada mamaci, da ranar mun ga Gwaggo tahe da takalmi ga hannu.

Kuma abin ba na dariya na ba gare ni. Cikin gidan ga, ɗakin ƙurya, ɗiyata ta hwari na kwance tana jego da ɗanta, bakwaini, wanda ba a daɗe da sallamowa daga asibiti Sakkwato ba. Yaron bai kai damtsena kauri ba. Gwaggo ta mai gadin ɗakin. Yanzu mai gadi ta tahi, gida ya cika da mata masu ƙaunarta, kusan kowace da ƙullin sikari ga bakin zane.

Bari in gaya muku ko wace ta, tun da masu gaisuwa sun sa mata rigar wata.

Ita ta babba ɗakinsu Baba. Malamar asibiti ta, ungozoma, irin masu hwarin kaya da agogo maƙale ga ƙirji. Ta yi aiki nan Wurno, anka kai ta Rabah, anka kai ta Goronyo, kuma ko'ina tat tashi sai an yi ajiyar zuciya, sannan bayan wata guda a hwara cewa ina ma a maido ta. Da mijinta yar rasu tay yi ritaya, yaranta na birni sunka yi ta roƙo ta koma wurinsu, ga hwanka ga ruwan hamho. Tac ce ita ba ta zama gidan da ba a haihuwa. Tak kwaso kayanta tad dawo gidan ƙanenta, ba ta tambayi kowa ba.

Ni sana'ata albasa. Na bi kaya har Legas, na bi har Anacha, na kwana tashar Kumasi, na sha shayi Agadas. Na ga mata masu baki. Akwai wata mai tuwo Anacha da ke zagin direban tirela har shi ba ta haƙuri. To ita ma in ta zo gaban Gwaggo sai ta ɗauki allo.

Ba ta amsa gaisuwa sai ta ga hannunka. Ka duƙa kana "Gwaggo, ina kwana," ita tana juya tahin hannunka tana duban ƙumba. "Mai Albasa," haka take kirana har nih hwara hurhura, "wanga gona ta ko ƙumba? Tahi ka wanke, lahiyata ba ta gudu." Kuma abin mamaki, macen da duniya tas sani da sikari ba ta sa shi ga kunu. Salam take sha, tana yatsina huska, tana cewa zaƙi na masu ciwo na.

Zancen sikarin ya samo asali ana saura kaɗan ta aje aiki. Anka tura su wani kwas Sakkwato. Ranar dawowa ni niɗ ɗauko ta cikin mota. Munka baro birni ba ta ce uhum ba. Ba ta ce ina gudu ba, ba ta ce motar na wari ba. Nic ce ma raina lalle tsohuwa ba ta da lahiya.

Sai da munka kusa gida tac ce, "Mai Albasa, ka san yawan dunduniyar da nis soka?"

Nic ce ban sani ba.

Tac ce, "Ni ma ban sani ba. Bakwaini kullum cikin ɗibar jini shike. A duba shawara, a duba wancan, a duba wanga. Ka kama 'yar ƙahwar kamar ta tsuntsu ka soka dunduniya. A nemi jijiyar ƙarin ruwa, a rasa, a sake. Wani ko ƙarhin kuka bai da shi, sai dai huska ta yamutse kamar kauɗar tumatir. Muna cewa ai ba su sani ba. To yau an nuna mana. Ɗigon ruwan sikari mai tsabta bisa halshe, ka jira kaɗan, ka ba shi abin tsotso, sannan ka soka. Zahin na raguwa. Na gani da idona." Tab bugi gaban mota da tahin hannu. "Sikari hwa! Abin da ke bisa teburin mai shayi! Shekara da shekaru ina wuce shi in tahi in soki ɗiyan mutane."

Ban taɓa ganin wanda anka koya ma abin alheri yad dawo da hushi irin nata ba.

Baba na yah hwara shan hushin. Muna cin tuwo zaure tana ba da labari daga bakin ƙohwa, yac ce, "Haba Yaya. Jinjiri mi yas sani? Bakwaini ko ido bai gama buɗewa ba. Kukan nan motsa huhu na. Kuma in zancen zaƙi na, ai sunna ta. Tun kaka da kakanni muke tauna dabino mu shahwa ma jinjiri ga ganda. Sai yau Nasara sunka tashi da rana tsaka sunka gano?"

Tac ce, "To malam. Ka yarda zaƙi na kwantar da yaro, kuma ka ce bai jin zahi. In bai jin zahi, mi zaƙin ke kwantarwa?"

Baba yac ce shi ba shi gardama da mace shina cin abinci.

Washegari bayan azahar shina kwance ƙarƙashin dogon yaro, ya miƙe ƙahwahu shina minshari. Gwaggo taz zo da tsinken tsintsiya tas soka mai ga dunduniya. Tsinke yak karye. Ƙahwar manomin albasa ta, ƙaya ma gaishe ta take ta wuce. Tak koma ɗaki taɗ ɗauko allurar ɗinki. Sai dai munka ji Baba na ihu, "Kunama! Kunama!" shina tsalle da ƙahwa ɗaya.

Tat tsaya tana kallonai, tac ce, "Yi ta yi. Motsa huhu na." Sannan tam miƙa mai ƙwarar sikari. "Da kahin nib ba ka, da da sauƙi."

Har anka cire albasar shekarar ba su yi magana ba. In za shi aika mata saƙo sai shi ce, "A gaya ma likita." Ita ko ta ce, "A gaya ma mai huhu." Ranar da yak kawo mata ledar dabino daga kasuwa yad dangwarar gabanta, munka san an shirya. Amma har ta mutu bai sake barci ƙahwa waje ba.

Nawa rabon ya zo Goronyo. Mai ɗakina mutuniyar can ta, ta tahi gidansu goyon ciki na hwari, Gwaggo kuma lokacin can take aiki. Ina Anacha da kaya saƙo yas same ni wai an haihu, wata bai cika ba. Nib bar buhuna hannun abokan tahiya nik kamo hanya. Na iso asibiti na tarar uwar na hwama da zazzaɓi ba ta ko iya zama, yarinya kuma, Allah mai iko, kamar ɗan ɓera cikin tsumma. Kwalbar sa bakwaini sai Sakkwato, Gwaggo kuma tac ce yarinyar ba ta jure hanya.

Tash shinshina ni tac ce, "Tahi ka yi wanka da sabulu. In ka gama ka sake."

Da nid dawo tac ce, "Tuɓe riga."

Nic ce, "Na'am?"

"Kurma kaz zama can kudu? Tuɓe riga. Uwar ba ta iyawa, ni ina da wasu masu naƙuda. Ɗumin jiki take so, kai ko ga ƙirji kamar hwaihwai ba shi aikin komi."

Nic ce, "Gwaggo, ɗiyar hwari ta hwa. Ko sunanta ba ni hwaɗi. Ɗauka ma gaban mutane kunya ta, balle goyo. Garin surukaina muke, mi za a ce?"

Tac ce, "Kunya bargo ta? In bargo ta, lulluɓa mata mu gani."

Haka taɗ ɗora mani yarinya ga ƙirji, hwata da hwata, tak kawo zanen atamhwa mai hoton kaji taɗ ɗaure ni tamau. Ƙato da gemu, zaune bisa benci, ɗaure da zanen kaji. Duk macen da tal leƙo sai ta koma da gudu tana toshe baki.

Nan bisa ƙirjina anka ɗebi jininta. Gwaggo taz zo da sirinji ba allura, ta zuƙo ruwan sikari daga sabuwar ledar ƙarin ruwa, taɗ ɗiga mata kaɗan bisa halshe. Nig ga ɗan bakin ya motsa. Tas sa mata ƙaramin yatsanta, wankakke, yarinya tak kama tsotso. Sannan tat tsaya jira, kuma don kada jiran shi tahi banza tah hwara yi mani hwaɗan goro da ya ɓata mani haƙora. Tana cikin hwaɗan tak kama dunduniyar tas soka. Nij ji ɗan jikin ya zabura bisa haƙarƙarina, sau ɗaya, sai yal lahwa. Tac ci gaba da tsotsonta. Ni ko ɗaki yah hwara juya mani.

Gwaggo tad dube ni tac ce, "Kai ma a ɗiga maka?"

Labari ya riga ni isa tasha. Shekaru anka yi in na shigo direbobi na cewa, "Mai jego, an hito wanka?" Na sha wanga, ban mutu ba. Yarinya ma ba ta mutu ba. Ita ta ke kwance ɗakin ƙurya yanzu.

To ina moɗa tas samo asali? Daga idon mata. Uwa na tsaye tana kallo, an ɗiga ma ɗanta abu ya yi shiru. Ta tambaya, a ce sikari na. Shi ke nan, ta koma ƙauye da ilimi. In ɗigo ya yi wanga aiki, ina ga cokali? In cokali ya yi, ina ga moɗa? Dama can akwai masu matse dakashi su zubar, wai nonon hwarko dauɗa na, a ba yaro ruwa kahin nono shi wanke. Sai ga sikari ya zo musu da hatimin asibiti. A ɗebo ruwan randa, randar da anka cika daga gulbi, a dama da yatsa, a ɗura ma ɗan kwana ɗaya. Cikinai shi cika, shi ƙi kama nono, nono shi ƙi kawowa, a ce ka gani, dama uwar ba ta da nono, ƙara mai. In an tambaya wa yac ce, a ce Hajiya ungozoma.

Akwai yaron da anka kawo mata gida bayan ta aje aiki. Gudawa ta tsotse shi, maɗiga ta hwaɗa. Tas sa ni niɗ ɗauke su cikin mota, amma ya cika kahin mu kai asibiti. Uwar na kuka tana cewa, "Hajiya, wallahi naki maganin nib ba shi, ban ba shi na kowa ba." Ranar Gwaggo ba ta yi ma kowa hwaɗa ba. Ko hannuna ba ta duba ba. Na hi son ranakun hwaɗan.

Daga nan tas sa ƙahwar wando ɗaya da gidajen suna. Ta shiga, ba barka ba komi, ta wuce ɗakin mai jego tana buɗe kwanoni. Wani suna da nik kai ta wajen Rara tat tarar da moɗa bayan gado. Taɗ ɗanɗana, tah hito tsakar gida gaban mata tat tuntsurar ƙasa. Tat tsaya har tururuwa sunka taru, tan nuna su tac ce, "Ga masu shi nan sun zo." Sannan tah hwara karatun da kowa ya haddace kuma ba wanda ke aiki da shi: "Magani na, ba abinci na ba. Ɗigo, bisa halshe, kahin allura, hannun ma'aikaci. Abincin jinjiri na ga ƙirjin uwatai." Mata su ce, "Gaskiya ta, Hajiya." Tana hita a dama wani.

Anka daina gaya mata suna. Sai ta ji ga bakin wanzami ta shirya. Nic ce, "Gwaggo, ba a gayyace ki ba." Tac ce, "Gudawa ma ba a gayyatarta."

Na taɓa ce mata to ta bar zancen sikarin gaba ɗai, tun da ya zama abin da yaz zama. Tah harare ni. "Don wawaye sun sha da moɗa sai in bar bayin Allah su sha allura salam? Kai don wani ya ci albasa ya yi warin baki ka bar sayarwa?"

Da ɗiyata tah haihu bana, wata bakwai, anka wuce da su Sakkwato. Gwaggo tac ce da ita za a. Tana dogara sanda, ta sa sirinji cikin jaka, ta shirya yaƙi tun daga gida. Duk hanya tana bita: "Yaran yanzu, waya ga hannu, ba su san komi ba. Bari su taɓa mai ƙahwa ba ɗigo su gani." Munka isa, lokacin ɗibar jini yay yi, ta buɗe baki ke nan wata 'yar nas, ba ta hi jikarta ba, tac ce, "Mama, sannu da zuwa. Bari in ɗiga mai tukuna. In uwar na iya matso nono kaɗan ma shina yi, sai ta rungume shi ga ƙirji mu ɗiba a hakan."

Gwaggo tar ruhe baki. Tad duba ƙumbar yarinyar, tsab. Tad duba sirinji, sabo. Tan nemi abin hwaɗa sama da ƙasa ba ta samu ba. Duk hanyar dawowa tana kumbure. Nic ce, "Gwaggo, ba abin da kike so ke nan ba?" Tac ce, "Ɗankwalinta ya karkace."

Da anka sallamo su tas sa anka aje mata kujera bakin ɗakin ƙurya, da bokitin ruwa da sabulu. Mai tari ba ta shiga. Mai turare ba ta shiga. Mai ƙulli ga bakin zane sai ta kwance an gani. Nan bisa kujerar ciwon yas same ta da hantsi, hannu ɗaya yas saki, baki yak karkace. Ba ta daɗe ba. Allah shi sa iyakar wahalar ke nan.

Ranar addu'ar uku, bayan an shahwa an hwara watsewa, mai ɗakina tal leƙo zaure tay yahwato ni. Ba ta taɓa yi mani haka gaban maza ba. Tac ce ƙasa-ƙasa, "Alhaji, shigo. An dama."

Surukarmu ta, uwar mijin ɗiyata, ita ma Hajiya muke ce mata. Ta taso daga Rara da sassahe ita da mata biyu, bisa hanyar da yanzu ba mai binta sai da addu'a, kuma dole su koma kahin la'asar. Mace ta mai kirki, kada ku ce na ce. Jikanta na hwari na. Ta shiga ta tarar shina ɗan kukanai kamar na mage, ta ga haƙarƙari, hankalinta ya tashi. Mai ɗakina ba ta iya hana ta: baƙuwa ta, suruka ta, kuma ta'aziyya tak kawo.

Niy yi sallama nit tsaya bakin ƙohwa, kusa da kujerar da ba kowa. Hajiya na zaune bakin gado da yaro bisa cinya. Ɗaya daga cikin matan na riƙe da moɗa tana juya cokali. Ga kwalbar zuma gehe. Ɗiyata na can ƙarshen gado, ta ja mayahi ta ruhe huska ta juya ma bango, yadda anka koya mata. Ɗan hwari na. Gaban uwar miji ko kallonai ba ta yi, balle ta ce nata na.

Munka gaisa. Munka sake gaisawa. Nit tambayi hanya, nit tambayi mutanen Rara, nit tambayi gero. Cokali na ta juyawa.

Nic ce, "Hajiya, wai da an bar shi hakanan. Likitoci sun ce nono kaɗai."

Tac ce, "Alhaji, wane nono? Dubi yaron ga. Yarinya ta, nonon bai kawo ba. Yunwa ka cin shi muna kallo?"

Nic ce, "Ai marigayiya ma…"

Tac ce, "Allah shi jiƙanta, don ita nike yi. Da idona nig ga ta ba autana, asibiti Goronyo, yay yi shiru kamar an ɗauke ruwa. Albarkarta muke nema mai. Kai dai koma wurin maza, wanga sha'anin mata na."

Ni da niy yi ciniki da Inyamurai da Yarbawa da mutanen Gana, ba a taɓa ƙure ni ba, sai ga ni tsaye ina murza hula. In na ɗaga murya na ci mutuncin suruka cikin gidana, ranar makoki, kan jikan da bai kamata a ji bakina kanai ba. Auren ɗiyata na iya jin jiki. In na yi shiru, ga cokali an cika, Hajiya ta tallabo kan yaro tana matsa mai kumatu bakin shi buɗe. Nid dubi mai ɗakina, tad dube ni. Haushin Gwaggo yak kama ni, wallahi. Mace ta yi shekaru tana hwaɗa ba a tambaye ta ba, ranar da ake bukatar hwaɗan ta tahi ta kwanta.

Sai munka ji murya daga ƙarshen gado.

"Inna, ba ni ɗana."

Cokali yat tsaya. Ɗiyata ta yaye mayahi. Idonta jawur, hannuwanta a miƙe.

Hajiya tac ce, "Mi kic ce?"

"Ɗana. Ba shi shan wanga. Nono za shi sha, in bai kawo ba shi yi ta ja har shi kawo. Ki yi haƙuri, Inna. Ba ni shi."

Gabana. Gaban uwatta. Gaban uwar mijinta. Matar da ke riƙe da moɗa tac ce, "La'ilaha illallahu, zamani!" Ɗiyata ba ta jira ba, tam matso ta sa hannu taɗ ɗauke shi daga cinyar Hajiya, tat tura shi cikin riga, taj juya mana baya. Can sai ga ɗan sautin nan, ƙut, ƙut, kamar ɗigon ruwa cikin tulu.

Hajiya tam miƙe tana gyara mayahi. Huskarta ba kyau. Ta amshi moɗar, tad dube ta, tad dube ni, tam miƙo mani.

"To Alhaji, tun da gidanku ba a san kunya ba, ba a kuma san baƙo ba, amshi. Ba a zubar da sikari da tsadar ga."

Nis sa hannu biyu ni amsa. Nish shanye tas, tsaye, gaban mata. Zaƙi har cikin kunne. Sunka hita ba sallama.

Da nik koma zaure Baba yac ce mi anka yi. Nig gaya mai. Mutumin da bai yi hawaye ba ko bakin kabari. Yad dubi ƙohwa yac ce, "Da ƙarhi tah hwaɗa?"

Nic ce, "Har tsakar gida an ji."

Yaj ja hannun riga yas share ido, yac ce, "Marar kunya." Yas sake sharewa.

Maganar ta kai Rara kahin su kai. Mijin yarinya ya bugo waya shina in-ina, ba shi iya ba uwatai laihi, ba shi iya ba matatai. Nic ce mai shi yi shiru, shi na aikin da yah hi iyawa. Kwanaki ba mu ji daga Hajiya ba. Mai ɗakina ta daina barcin kirki, tana cewa an kashe ma yarinya aure. Yaro dai shina nan, ƙarami har yanzu, amma shina ja, kuma da munka maida shi awo an ce ya ɗan ƙaru.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune sai ga ɗan acaɓa daga Rara, ya ɗauro tiya-tiyar gero bayan babur, da ƙullin kanwa, da busasshen nama cikin takarda. Yac ce Hajiya ta aiko shi. Nic ce da wane saƙo?

Yas sosa ƙeya. Yac ce, "Alhaji, in hwaɗa yadda tac ce?"

Nic ce hwaɗi.

"Tac ce a dama kunun kanwa da kauri, a ba marar kunyar nan ta sha da zahinai. Wai tun da ta ce ita ka ciyar da shi, to ta ciyar da shi da kyau, in ya rame da ita za a yi."

Allah shi jiƙan Gwaggo, shi yahe mata, shi haskaka kabarinta. Mu da tab bari, Allah shi ba mu haƙurin juna. Bari in tashi, ana kirana in kai gero niƙa.